Ajiyar Gajeren Illa

Abin ya fara ne a kakar shekarar 1983, ranar da Zuliha Alkasum ta sauka daga motar aiki a ƙofar gidan kawunta Nomau, a wani ƙauye gabas da Hamdara, ta ce iri ta zo roƙo.

A lokacin ba ta daɗe da dawowa daga Faransa ba. Shekara tara ta yi a can, a wata babbar jami'a da ɗalibanta suka fi mutanen Mirya yawa, a sashen da ake kira biyofizik, inda ake ɗora abu mai rai a kan ma'auni don a gano yadda yake riƙe da ransa. Rukunin bincike uku ne a sashen, kowanne da shugabansa da na'urorinsa da mabuɗin ƙofarsa. Sukan gaisa a matakala, amma ba mai aron ko cokali a wurin wani. Tambaya ɗaya ce ta taɓa zaunar da su a teburi guda: ta yaya ƙwayar hatsi take bushewa ƙarau, ta yi shekaru a ajiye, amma ba ta mutu ba? Rukunin su Zuliha yana auna ɗan ruwan da ke ɓoye a cikin ƙwayar. Na biyu yana duba siraran fatun da ke cikinta, waɗanda ido ba ya gani. Na uku kuwa yana da wata na'ura mai maganaɗisu, wadda ta cika ɗaki ita kaɗai. A wani taro Zuliha ta ambaci geron dangin mahaifiyarta, gajeren Illa, mai nuna cikin kwana saba'in, wanda yakan shekara biyar a rumbu ya tsira. Ba a yi wata shida ba aka sa hannu a takardu, aka turo ta Damagaram ta yi gwajin a cikin zafin ƙasarsa, tare da wani ɗalibi ɗan rukuni na biyu mai suna Tahiru.

Kawu Nomau bai tsawaita tambaya ba. Daminar bana ba ta yi daɗi ba, amma ya samu na rufin asiri. Ya hau rumbun iri da kansa, ya zaɓo zangarniyu masu cika, ya haɗa ɗan ƙaramin dami, sannan ya zauna a kan turmi ya ɗaure wuyan damin da kaba. Ƙulli uku ya yi, leɓensa yana motsi a kan kowanne.

"Ungo, likitar hatsi," ya ce. "Na sa a hannunki."

Ita kuma ta fito da takardar jami'a, wadda take cewa manomi ya ba da wannan hatsi kyauta saboda ilimi. Da Faransanci aka rubuta ta. Ta ce masa shaida ce cewa daga hannunsa ya fito. Ya dangwala yatsa yana dariya.

"Yanzu hatsi ma sai da takarda, kamar mai ƙetara iyaka?"

Zuliha ta ga ƙullin nan uku, kuma ta san ma'anarsu tun tana yarinya. Tun zamanin Illa, kakan Nomau, kowace kaka gidansu yakan fitar da ƙananan dammuna uku na iri, a ɗaure kowanne da ƙulli uku, a kai wa dangi a garuruwa uku, saboda in ruwa ya ƙi nan, mai yiwuwa ne ya sauka can. Wanda aka ba ba ya ci, ba ya sayarwa, ba ya shukawa. Sai ranar da aka aiko masa da sabon dami, sannan tsohon ya zama nasa. Ta san wannan duka. Amma direba yana ta kallon rana, takardar kuma tana hannunta da tawadar yatsa ba ta bushe ba. Sai ta ce wa ranta hannun tsoho ne kawai ya saba da ƙulli uku.

Ɗakin gwajinsu yana bakin gari, a kan hanyar Mirya. A nan suka sussuke damin, ya ba su tiya uku cif. Suka raba shi a kwalabe talatin da shida masu faɗin baki. A gindin kowace kwalba akwai wani ruwan gishiri mai tsayar da laimar iskar ciki a ma'auni guda, hatsin kuma yana sama a cikin raga, ba ya taɓa ruwan. Sha biyu masu laima sosai, sha biyu tsaka-tsaki, sha biyu busassu. A kowane jeri, kowane rukuni yana da kwalba huɗu. Suka liƙe bakunan da kaki. Ƙa'ida ita ce kwalaben su yi shekara biyu a rufe, sai Disambar 1985 a ɗauke su zuwa Faransa yadda suke. In aka buɗe ɗaya ko da na ƙiftawar ido ne, iskar waje ta shiga, aikinta ya lalace. A can kuma na'urorin rukunan uku za su niƙa, su daskarar, su ƙona. Ba ƙwayar da za ta fito da rai.

Kabar da aka kwance daga wuyan damin, Zuliha ba ta yar ba. Sakatar tagar ɗakin ta karye, sai ta ɗaure tagar da ita.

Daga nan aka shiga 1984. Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, sama ta rufe bakinta kwana talatin. Aka sake shuka, aka sake, har aka daina kallon gabas. Mutanen arewa suka gangaro ba shanu ba raƙuma, suka kafa tsummokara a gefen gari. Iyakar Nijeriya a rufe take, 'yan kasuwar Kano da suka saba shigowa da hatsi sai ɗaiɗaiku, ta ɓarauniyar hanya. Jar dawa ta taimako ta zama abincin gidajen da a dā ko awaki ba sa ba ta. Kowace Litinin da Alhamis Zuliha takan ratsa ta cikin wannan jama'a, ta shiga ɗakinta, ita da Tahiru su ɗora kwalabe a sikeli ɗaya bayan ɗaya don su tabbatar ba wadda ta yi yoyo, su rubuta a karne, littafin da suke ajiye lissafin gwajin. Sau biyu ta aika wa kawunta da buhun dawa. Sabon dami bai zo mata ba a kakar nan, ita kuma ba ta bar kanta ta yi tunanin dalili ba.

Cikin watan Mayun 1985, da hantsi, ta dawo gidan mahaifiyarta Sakina a unguwar Birni ta tarar da takalman fata a ƙofar ɗaki. Kawu Nomau ne zaune a tabarma, ƙanwarsa tana dama masa fura.

"Yaya," in ji Sakina, "wannan rigar taka ce, ko ta maƙwabci ka aro?"

"Tawa ce. Mai rigar ne ya ragu."

Ya kurɓi furar, ya yamutsa fuska. "Wannan dawar tasu, ko jaki sai an roƙe shi." Sannan ya shanye tas, ya yi hamdala. Zuliha ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa da waɗanda suke nan, da waɗanda suka tafi neman abinci kudu, da biyu da suka riga mu gidan gaskiya. Sai da aka gama addu'a ya juyo gare ta.

"'Yar Alkasum, shuka uku na yi bara. Ta fari da ta biyu suka cinye rumbun iri. Ta uku, na je Gidimuni na karɓo ajiyata a wurin Ari, na zuba a ƙasa, ta tsiro kamar gashin jariri, rana ta lashe ta. Makon jiya na je Gaffati wurin Zakari. Tun daga nesa da ya hango ni ya shige ɗaki. Da sanyi suka cinye ajiyar, yara suna kuka. Ban ce masa komai ba, da ni ne ma ban san abin da zan yi ba." Ya ajiye ludayin a cikin ƙwarya. "Na bi duk wanda na san yana shuka gajeren Illa. Babu ko cikin tafin hannu. Saura ajiya ta uku."

Zuliha ta ji tabarmar ta yi mata zafi.

"Kawu, ai hatsin nan yana cikin gwaji."

"Yana raye?"

Da za ta iya cewa ba ta sani ba, da ta ce. Amma sanin wannan shi ne aikinta.

"Kashi ɗaya cikin uku yana raye, na cikin busassun kwalabe. Sauran laima ta kashe su, ko ta kusa. Haka aka tsara gwajin."

"Haka aka tsara," ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana baƙon abinci. "Mai ran, nawa zai kai?"

"Tiya ɗaya."

"Alhamdu lillahi! Tiya ɗaya gona ce."

"Ba a buɗe kwalaben sai Disamba, Kawu."

"Disamba kuma wane wata ne a wurin hadari? To, mu ce na jira. In Disambar ta zo fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Za a kai shi Faransa a niƙa."

Sakina ta ɗauki ƙwaryar ta fita, ba ta dubi kowa ba. Zuliha ta yi ƙoƙarin cika shirun. Ta ce ta ji za a raba iri a biron noma, ofishin gwamnati, kafin damina, za ta sa a rubuta sunansa a gaba. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka musu, zai karɓa. Amma wancan dogon hatsi ne mai neman kwana ɗari, ƙasarsu kuwa rabonta da ruwan kwana ɗari tun kafin a yi wa Zuliha kitso na fari. Ya ce yana nan gidan ƙanwarsa, ba ya gaggawa.

Da ta koma ɗakin gwaji ta tarar da Tahiru yana goge sikeli da buroshi. Dogo ne siriri, ɗan makiyaya daga wajen Gure. Shekararsa biyar yana kan littafin digirinsa, kuma busassun kwalabensa huɗu su ne ƙashin bayan littafin. Ya saurare ta har ƙarshe, buroshin yana hannunsa.

"Akwai takarda, Dakta. Ya dangwala yatsa."

"Ni na ce ya dangwala. Ban fassara masa ba."

"To sai me? Wata goma sha bakwai muna renon kwalaben nan kamar 'yan tagwaye. Ni ko mura na yi ba na tari kusa da su. Saura wata bakwai." Ya ajiye buroshin. "Kina tsammani ban san yunwa ba ne? Shanun babana tamanin, yau igiyoyinsu kawai suka rage a rataye. Amma dubi sama da kyau. In kika ba shi, ya zuba a ƙasa, ruwa ya sake ƙi fa? Ba hatsi, ba gwaji. A cikin kwalba dai, ko ya mutu, zai faɗa mana abin da ya sani kafin ya mutu."

"Zai faɗa wa wa, Tahiru? Mutanen Hamdara?"

"Wata rana, i. Ba don haka muka zo ba?"

Maganar da ya faɗa ita ce ta faɗa masa a cikin jirgi ranar da suka taho. A ƙarshe suka yarda a buga waya ta takarda zuwa ga shugabannin rukunan uku. Ta zauna ta tsara kalmomin da kyau: irin ya ƙare a ƙasa, abin da ya rage a duniya yana cikin busassun kwalabe sha biyu, mai shi yana nema kafin ruwa, tana neman izinin buɗewa.

Kwana tara amsa ba ta zo ba. A cikin kwanakin nan Kawu Nomau bai sake ɗaga maganar ba. Yakan je masallaci, ya dawo ya zauna a zaure yana tufka igiya, in ta wuce ya ce, "Likita, an fita duba marasa lafiya?" Ta gwammace ya yi mata faɗa. Labari ya zo cewa an yi yayyafi a wajen Magarya. Da la'asar gabas takan yi duhu kaɗan, ta washe.

Ranar Alhamis amsoshi uku suka iso a ambulan uku. Shugaban rukuninta ya ce zuciyarsa tana tare da mutanen Sahel, kada a taɓa kwalabensu huɗu, amma a ganinsa na'urar rukuni na uku za ta iya aiki ba tare da nata ba. Shugabar rukuni na biyu ta ce wannan matsala ce ta rukuni na ɗaya, tunda ma'aikaciyarsu ce ta karɓo samfurin. Na uku ya ce kada a buɗe ko ɗaya tasa, kuma sashen zai yi karo-karo a saya wa iyalin manomin abinci.

Tahiru ya jera takardun a tebur, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Kin gani? Kowa ya yarda a buɗe, in dai ba nasa ba ne. Na tabbata ko taro ba su yi ba. Kowa ya rufe ƙofarsa ya rubuta." Sannan ya sassauta murya. "Dakta, ki buɗe naku huɗun. Ke da shugabanki ku ƙarata. Ki bar mini nawa. An riga an gaya mini ba za a ƙara mini ko wata ɗaya ba bayan Disamba."

Washegari bayan sallar Juma'a, Kawu Nomau ya ce yana so ya ga inda hatsinsa yake kwana. Ta kai shi. Ya tuɓe takalmi a ƙofa ko da yake ta ce ba sai ya tuɓe ba. Ya gaisa da Tahiru, ya tambaye shi garinsu, ya yi masa jajen shanu. Sannan ya bi kantar a hankali, hannuwansa a baya. A jeri na farko hatsin ya yi baƙi, fumfuna ta rufe shi. Ya tsaya ya dube shi kamar mai duban kabarin wanda ya sani. A jeri na biyu ya girgiza kai. Da ya isa na uku sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ƙwayoyin suna nan 'yan ƙanana, masu ruwan toka, tsaf kamar ranar da aka sussuke su.

"Kai, ja'irai," ya ce musu ƙasa-ƙasa. "Ku kuna nan kuna hutawa."

Zuliha ta ce, "Kawu, in na ba ka kwalba huɗu fa? Sulusin tiya ke nan."

Bai ɗago ba. "Wanda ya san ƙasarmu ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko. Rabi ake shukawa, a riƙe rabi, ko ruwa ya yaudare mu. Cikin rabin da aka shuka, ɓera zai tone nasa, tsuntsu ya ɗauki nasa. Ki raba sulusin tiya biyu, ki fitar wa ɓera da tsuntsu, ki faɗa mini abin da ya rage. Ke ce mai ma'auni."

Sai ya miƙe, idonsa ya faɗa kan taga. Ya matsa, ya kama kabar da yatsu biyu. Ta yi baƙi don ƙura da taɓawa, amma ƙullin uku suna nan a jere.

"Ashe ta yi amfani," ya ce.

Tahiru ya duƙar da kai yana duban karne. Zuliha ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"'Yar Alkasum, ba ciniki na zo yi ba, kuma ba zan kai ki gaban kowa ba. An ce akwai takarda da yatsana a kai. Na tsufa, mai yiwuwa ni ne na manta. In kyauta na ba ki, ki faɗa da bakinki a gaban wannan bawan Allah, in tafi, ba za ki sake jin maganar nan daga gare ni ba har in mutu."

Kalma ɗaya ce. Ta ga Tahiru ya ɗago yana kallonta. Ta ga sunanta a kan takardar binciken da za a buga, da kujerar da shugabanta ya yi mata alkawari, da shekara tara na sanyi da kaɗaici da haƙuri.

Tsohon ya jira har ya ga ba za ta yi magana ba. Ya sa takalmansa.

"Jibi Lahadi zan bi motar kasuwar Mirya. In gyara gona, ko da me za a shuka a ciki."

Da safiyar Asabar Zuliha ta sami mahaifiyarta a tsakar gida tana tsintar tsakuwa daga cikin jar dawa. Tun zuwan Nomau, Sakina ba ta ce mata uffan a kan maganar ba. Zuliha ta zauna ta sa hannu a faifan.

"Inna, ki ce wani abu mana."

"Me zan ce? Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba." Ta yar da tsakuwa. Can ta nuna ɗakinta da haɓa. "Kin ga azarar can ta tsakiya? A farin da ya wuce, shekarar da kika tafi, ajiyar ta uku a nan take rataye, saitin gadona. Babanki yana kwance ba lafiya, ba mai sayen fata, ba mai sayen takalmi. Ƙanwarki Ramlatu tana kukan yunwa, ni kuma ina kwance ina kallon damin nan. Wata huɗu. Da Yaya ya zo na sauke masa shi da ƙullinsa uku. Na Gaffati da na Gidimuni duk sun tafi a shekarar. Wanda kika zuba a kwalba, jikan wancan damin ne."

Zuliha ta daina tsinta. A wasiƙa aka gaya mata rasuwar Ramlatu, aka ce ƙyanda ce.

"Ƙyanda ce," in ji Sakina, kamar ta ji tunaninta. "Amma ƙyanda ta sami jiki ba ƙarfi. Ban ce miki da na sauke damin da ta rayu ba. Tiya uku ce, kwana nawa za ta yi mana? Ban sani ba. Har yau in na ɗaga kai ban sani ba. Saboda haka kada ki zo wurina neman wadda za ta ce miki abu ne mai sauƙi. Zakari ya ci, ban ga laifinsa ba. Amma shi yunwa ce ta sa shi."

Ta ja faifan zuwa gabanta, ta ci gaba da aikinta.

Zuliha ta tafi ɗakin gwaji a ƙasa, ba ta jira mota ba. Ta ratsa ta gefen tsummokaran baƙi, inda mata suke jere da kwanoni suna jiran rabo. Rana ta take, gabas kuma fari fat, ba ko ɗigon girgije. Ta yi ta juya maganar Tahiru, ta kasa samun inda ta karkace. Mai yiwuwa ne ruwa ya sake ƙi, hatsin ya ƙone a ƙasa kafin ya kai tsawon yatsa. Mai yiwuwa ne kuma amsar da ke cikin kwalaben nan ta amfani mutanen da ba a haifa ba tukuna. Ba ta da ma'aunin da zai auna wannan da wancan. Abin da ta sani tabbas ɗaya ne: ta ga ƙulli uku da idonta, ta miƙa takarda.

Ta yi alwala da ruwan buta, ta shimfiɗa ɗankwalinta a lungun da ta saba, ta yi azahar. Ta daɗe zaune bayan sallama. Ba ta roƙi alama ba, gafara ta roƙa, ta kuma roƙa wa Tahiru mafita.

Shi kuwa ya shigo tana naɗe ɗankwalin. Da ganin fuskarta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Dakta, kafin ki yi magana. Matata tana Yamai gidan iyayenta shekara biyu, tana jiran in gama. Babana ba shi da kowa yanzu sai ni. In na koma hannu wofi, me zan ce na yi da shekara biyar? In ce na yi gadin kwalba?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ke kina da digirinki a akwati. Ko sun kore ki, ke Dakta ce."

"Gaskiya ne. Kai za ka fi ni asara, kuma ba kai ka yi kuskuren ba. Zan rubuta wa shugabarka, in roƙe ta ta karɓi abin da za a samu daga sauran ashirin da huɗun, ko ta ba ka wani aikin. Ban san ko za ta ji ba. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

"Huɗu kawai nake roƙo. Ki ba shi takwas."

"Da nawa ne, da na ba ka su duka. Ba nawa ba ne, Tahiru. Tun ranar farko ba nawa ba ne, ni ce na raba muku abin da aka ba ni ajiya. Kashi biyu na riga na kashe masa. In kana so ka roƙa, mai shi yana zauren Inna har gobe da safe."

Tahiru ya dubi jeri na uku, ya dubi takardun nan uku da ke kan tebur. Ya zauna a kan kujera ya dafe kai da hannu biyu.

"Da wane ido zan roƙi tsohon nan?" ya ce.

Zuliha ta miƙe. Ta je taga ta kwance kabar a hankali don kada ta tsinke. Tagar ta buɗe da kanta, iska mai zafi ta shigo ta ɗaga shafukan karne. Ta ɗauko wata jakar zane daga ƙusa ta kakkaɓe ta, ta ajiye kabar a kai, sannan ta jawo aljihun tebur ta ɗauki 'yar wuƙar da suke yankan kaki da ita.

"Zan rubuta a karne cewa ka hana ni, ban ji ba," ta ce. "Sha biyun zan buɗe, har da naka."